Wa Zai Shaidi Dajin Hukuma? Tambaya Daga Tagriss

A manyan shagunan Turai da Amurka, wanda ya ɗauki kwalin takarda ko kujerar katako ko buhun gawayi yakan ga an buga wani ɗan tambari mai siffar bishiya da haruffa uku, FSC. Tambarin yana shaida wa mai saye cewa itacen da aka yi kayan da shi ya fito daga dajin da ake sara bisa ƙa'ida, kuma wani wanda ba shi da hannu a cinikin ya je ya gani da idonsa. Mutumin Tagriss, a gabashin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, zai iya cewa ina ruwansa da wannan magana. Babu katakon da ke tashi daga ƙasarsa zuwa bakin teku. Abin da yake da shi sabara ce da kalgo da anza, da aduwa da kandili da magarya, sai gawo nan da can a cikin gonaki, a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Duk da haka ina ganin tambayar da ta haifi wannan tambari ta fi matsa wa Tagriss fiye da yadda ta matsa wa masu dazuzzukan Jamus: dajin da doka ta ce na hukuma ne, wato na kowa, wa zai ba da shaidar cewa ana cin amfaninsa ba tare da an ƙarar da shi ba? Ra'ayina shi ne Nijar ba ta buƙatar sayo tambarin Turawa don wannan aiki, domin tun 1992 ta gina mafi yawan abin da ake buƙata. Abu guda ta bari a baya, shi ne mai shaida mai zaman kansa, kuma rashinsa ne ya sa sauran ginin ke tsagewa.

Ya kamata a fara fahimtar yadda shaidar take aiki a inda ta samo asali. A taron ƙasa da muhalli na Riyo de Janero a 1992, gwamnatocin duniya sun kasa cimma yarjejeniya mai ɗaure kowa a kan dazuzzuka. Sai ƙungiyoyin kare muhalli da wasu 'yan kasuwar katako da wakilan al'ummomin da ke zaune a daji suka haɗu a Toronto ta Kanada a 1993 suka kafa FSC, wadda hedikwatarta take birnin Bon na Jamus a yau. A 1999 masu ƙananan dazuzzuka na Turai suka kafa tasu mai suna PEFC. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mai daji yana rubuta shirin aiki: ga iyakar dajin, ga yawan itacen da ke ciki, ga abin da yake ƙaruwa a shekara, ga abin da za a sara, ga wuraren da gatari ba zai taɓa ba, ga haƙƙin mutanen da ke kewaye. Wani kamfanin bincike dabam yana zuwa ya gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa, ya tambayi ma'aikata da maƙwabta. In ya gamsu ya ba da takarda ta shekara biyar, yana dawowa duk shekara, in ya tarar da ɓarna ya janye ta. Sannan ana bin sawun itacen daga daji zuwa injin yanka zuwa shago, don kada a cuɗa shi da na sata. Abin lura shi ne gwamnatoci ma sun miƙa nasu dazuzzukan a bincika. Jihar Pensilbaniya ta Amurka ta samu shaidar a kan dazuzzukanta a 1998, hukumar gandun dajin Birtaniya a 1999, kuma a 2018 shugaban Gabon na lokacin, Ali Bongo, ya ce dole duk kamfanin da ke sara a dajin gwamnati ya nemi wannan shaida. Dalilin a fili yake. Hukumar da ke ba da izinin sara, take karɓar haraji, take kuma rubuta rahoton cewa daji na nan lafiya, ba za ta zama shaidar kanta ba. Ko a kasuwar dabbobi ta Dakoro, mai sayen sa ba ya tsayawa ga rantsuwar mai sayarwa cewa ba na sata ba ne, sai dillalin da aka sani ya tsaya masa, wanda in magana ta tashi gobe shi za a kama.

Yadda daji ya zama na hukuma a wannan yanki yana da tarihi, kuma tarihin bai bar wa talaka daɗi a baki ba. Dokar Faransa ta 4 ga Yuli 1935 ta mayar da dazuzzukan yankin Afirka ta Yamma da take mulka ƙarƙashin ikon gwamnati, ta kuma jera wasu itatuwa da aka hana taɓawa ko da a gonar mutum suke. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu. A 1961 kuma an ja layin da ya ce daga nan zuwa arewa ba a noma, ƙasar kiwo ce, kuma Tagriss tana cikin ɗamarar da gona da makiyaya suke goga kafaɗa a kusa da kwarin Tarka. Abin da wannan tsari ya haifar kowa ya sani. Ɗan kasuwa daga birni yana biyan kuɗin izini a ofishin gandun daji, ya turo mota da masu sara, su kwashe abin da suka ga dama a dajin da ke bayan gari, mutanen garin na kallo ba su da ta cewa. Mai gona kuwa in ya sare reshen gawon da ke gonarsa tara ce ke jiransa. Takardar izinin ba ta faɗin komai game da lafiyar daji, shaidar biyan kuɗi ce kawai. Wanda ya ga baƙo na kwashe abin da shi aka hana shi, ba zai tsaya yana rainon tsiro ba, kuma fari na 1973 da na 1984 sun zo sun tarar da ƙasa a haka.

Sauyi ya zo ne da dokar 21 ga Agusta 1992, mai lamba 92-037, wadda ta fito daga wani shirin makamashin gida da aka fara a 1989 da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Danmak. Kafin ita an yi gwaji a dajin Gesalbodi kusa da Yamai a shekarun 1980, inda aka ga cewa sabara da geza da taramniya suna sake tofowa daga kututture in an sare su daidai aka kuma tsare su daga bakin dabbobi na ɗan lokaci. Dokar ta ƙirƙiro kasuwannin itace na karkara. Ana shata wa gari dajinsa, a auna abin da zai iya bayarwa a shekara, a yanka masa kaso. Mutanen garin ne kawai ke da ikon sara, kowa da katinsa. Suna kafa kwamiti mai shugaba da ma'aji da mai riƙe littafi, da wakilin masu sara, da na manoma, da na makiyaya. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan kasuwa ya san kamanninta: fili ne a bakin hanya, an jera itace tsibi-tsibi tsakanin turaku, kowane tsibi mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, don a san abin da aka sayar ba da ƙiyasin ido ba. Mai mota yana saye a nan, ya biya haraji a nan, mai littafi ya yago masa takardar ɗauka wadda ke nuna kasuwar da yawan kayan, ita zai nuna a shingen gandun daji kafin ya shiga birni. A kasuwar da ta cika sharaɗi, an raba dajin kashi-kashi ana zagayawa, ba a komawa wurin da aka sara sai bayan shekaru, akwai kaurin da ƙasa da shi ba a sara, akwai itatuwan da ba a taɓawa.

Hikimar dokar tana cikin rabon haraji. An kasa itace gida uku. Wanda ya fito daga dajin da ke da cikakken shirin aiki, rabin harajinsa na kwamitin gari ne, kashi 40 cikin ɗari na ƙaramar hukuma, kashi 10 na baitulmali. Wanda ya fito daga kasuwar da aka yanka wa kaso amma ba a gama tsara dajinta ba, kuma busasshen itace kawai aka yarje mata, gari na samun kashi 30, ƙaramar hukuma 20, baitulmali 50. Wanda aka saro a dajin da babu tsari harajinsa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma kashi 90 na baitulmali ne, gari ba ya ganin ko dala. Manufar ita ce itacen ƙa'ida ya fi araha ga ɗan kasuwa, ya fi riba ga gari. A jahar Maraɗi an kafa irin waɗannan kasuwanni a dajin Baban Rafi da ke gundumar Madarumfa, kuma a farkon shekarun 2000 wani shiri da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya gwada irin wannan dabara a kan kaba da 'ya'yan goruba na Gulbin Kaba, a yankin Mayahi da Tasawa. Mali da Chadi da Madagaska duk sun ɗauki darasi daga wannan tsari na Nijar. In aka ɗora shi kusa da na FSC za a ga akwai rubutaccen shiri, akwai kaso, akwai bin sawun kaya, akwai lada ga wanda ya bi ƙa'ida, kuma an yi shi shekara guda kafin a haifi FSC ɗin.

Inda ya gaza ma ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai tabbatar da cewa ba a wuce kaso ba shi ne ma'aikacin gandun daji, wanda hukumarsa ke da rabo a harajin, wanda sau da yawa ba shi da babur ko mai, wanda kuma yankin da aka ba shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da kuɗin masu tallafi suka ƙare, shingayen bakin birni suka yi rauni, amalanken jaki da raƙuma da motoci suka riƙa shigo da itace ta bayan fage, takarda ɗaya ta yi sawu biyu ko uku, ɗanyen itace ya kwana a rana ya zama busasshe a littafi. Kasuwanni da dama sun tsaya a matakin farko, ba a taɓa gama tsara dajinsu ba. Da itacen sata ya fi araha, mai bin ƙa'ida shi ne ya yi asara, kuma ba a daɗe ana asara da son rai. Ba na ɗora laifin a kan ma'aikaci ɗaya ko kwamiti ɗaya. An gina tsarin ne ba tare da wani daga waje da zai zo duk shekara ya ƙirga kututture, ya gwada littafin kasuwa da na shinge, ya faɗi abin da ya gani a bainar jama'a ba.

Mai musu zai kawo hujja mai ƙarfi daga jahar Maraɗin kanta. Zai ce babban farfaɗowar itatuwa da aka gani a Nijar ba takarda ce ta kawo shi ba. Tun daga 1983 da 1984, lokacin da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman Maraɗi suka fara yaɗa sassaben zamani, wato barin tsiron da ke fitowa daga tsohon kututture a gona, a rage masa rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi, itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram, abin da masu bincike suka ƙiyasta da bishiya miliyan 200. Hakan ya faru ne daidai lokacin da hannun hukuma ya sassauta. Wannan gaskiya ne, kuma darasi ne da bai kamata a manta ba. Amma a duba inda itatuwan suka dawo: a gonaki ne, inda kowane tsiro ke da mai shi, wanda ke ganinsa safe da yamma. A daidai waɗannan shekarun dazuzzukan gama-gari da makiyayu da burtali sun ci gaba da tsukewa. Kuma ko a gonakin, abin bai tsaya da ƙafarsa ba sai da aka sami masu tsaro. A Ɗan Saga ta gundumar Agiye, kwamitin sa ido da mutanen gari suka kafa, da maza da mata da makiyaya a ciki, shi ya hana masu saran dare. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 da dokar shugaban ƙasa ta 30 ga Yuli 2020 sun zo daga baya sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya raina. Wanda kuma zai ce to a raba dajin hukuma a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane tunda gona ta yi nasara, ya tuna cewa a ƙasa irin Tagriss raba makiyaya yanke wa dabba hanya ne, kuma masu kuɗin da za su iya shinge su ne za su kwashe.

Musu na biyu ya fi wannan kaifi. Tambarin Turawan ma ana yi masa zamba, kuma yana da tsada. Haka ne. FSC ta yanke hulɗa da kamfanin Danzer a 2013 saboda abin da ya faru da mutanen wani ƙauye a Kongo Kinshasa, ta yanke da kamfanin Schweighofer a 2017 kan itacen haram a Romaniya, kuma ƙungiyar Greenpeace ta duniya, wadda tana cikin waɗanda suka kafa ta, ta fice a 2018 tana cewa shaidar ba ta isa ba. Babban rauninta shi ne wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken. Sai dai waɗannan badaƙaloli sun fito fili ne domin akwai ƙa'ida a rubuce da rahoton da kowa zai iya karantawa ya ƙaryata, kuma an hukunta. A dajin da babu mai shaida ɓarnar tana faruwa ba tare da an sami takardar da za a kama kowa da ita ba. Batun tsada kuwa shi ya sa na ce kada a sayo tambarin. Ya yi amfani a Namibiya, inda ake fitar da gawayi zuwa Turai, da ƙauyukan Kilwa na Tanzaniya da suka sami shaidar a 2009 saboda baƙin katakon da ake yin kayan busa da shi, domin a can akwai mai saye a waje da ke neman tambarin. Matar da ke sayen itacen dala ashirin a unguwar Maraɗi ba za ta ƙara ko sisi don tambari ba, kuma zalunci ne a nemi ta ƙara. Wataƙila ƙaron dakwara, wanda ke fita waje, zai iya ɗaukar nauyin shaidar ƙetare wata rana. Itacen girki kuwa ladansa a cikin gida yake: bambancin harajin da dokar 1992 ta riga ta tanada, da manyan masu saye da ke hannun gwamnati, kamar barikin soja da gidajen kaso da makarantun kwana, waɗanda za a iya wajabta wa sayen itace mai takarda kaɗai.

Akwai kuma abin da Tagriss za ta koya wa masu tsara irin wannan shaida, wanda ko kasuwannin 1992 ba su ba shi haƙƙinsa ba. A wannan ƙasa darajar bishiya ba a jikinta take ba da farko. Tana ganyenta da 'ya'yanta da inuwarta. A watannin bazara, lokacin da haki ya ƙare, 'ya'yan gawo da na kandili da ganyen aduwa da jiga su ke riƙe awaki da raƙuma da shanu har ruwa ya sauka, kuma wanda ya ga asarar dabbobi da aka yi a arewacin Dakoro a 2010 ya san abin da wannan ke nufi. Mata ke tsinko magarya da aduwa da anza, su ke yankan kaba, su ke tafiyar neman ƙirare da ke ƙara nisa kowace shekara. Shaidar da ke ƙirga tsibin itace kawai, ta manta da makiyayin da ke wucewa wata biyu a shekara da matar da ba ta cikin kwamiti, shaidar zur ce ko da lissafinta ya yi daidai. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake makiyayar jama'a shi kaɗai, kuma tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa da ke shata burtali da mashaya. Dole shaidar daji ta hau kan waɗannan. Ta tambaya ko burtali na nan a buɗe, ko an share hanyoyin tare gobara kafin iska ta taso, ko masu kwasar haki zuwa birni sun bar wa dabba rabonta, ko sassaƙar rassa don dabba na bin ƙa'idar da ba ta kashe uwar. Gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo, wanda aka keɓe tun 1955 a kan hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren ajiyar halittu a 2017, har aka mayar da raƙuman dawa takwas can a 2018. Wannan ma wata irin shaida ce daga waje, kuma ɗorewarta na rataye ne a kan zaman lafiya da makiyayan da ke kewaye da shi.

Masu shaidar ba sai an ɗauko su daga ƙetare ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar binciken noma ta INRAN suna da masanan da suka san auna daji, ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN sun san kowane burtali, hotunan tauraron ɗan'adam kuma yanzu ana samun su kyauta. Abin da ake buƙata shi ne tawagar da ba ta ƙarƙashin ofishin da ke karɓar haraji, wadda za a biya daga wani kaso da aka ware a asusu dabam, ba daga hannun kwamitin da za ta bincika ba, don a guje wa raunin da aka gani a FSC. Ta zo sau ɗaya a shekara bayan girbi, ta ƙirga, ta saurari mai gari da ardo da shugaban Buzaye da mata kowa a zamansa, a karanta sakamakon da Hausa da Tamashek da Fulatanci a rediyon karkara da ranar kasuwa. Dajin da ya ci jarrabawa garinsa ya riƙe babban kaso na haraji, wanda ya faɗi a sauke shi mataki, ma'aikacin da littafinsa bai yi daidai da ƙasa ba ya amsa tambaya. Masu cewa iskar gas za ta raba gardama, tunda matatar Damagaram na samar da ita tun 2011, su duba cewa fiye da gida tara cikin goma a Nijar har yanzu da itace suke girki, kuma tukunyar gas ba ta ciyar da akuya a bazara. Ƙaramar hukuma irin Tagriss, wadda dokar 2004 ta ba damar mallakar daji da ƙulla yarjejeniyar kula da shi da garuruwanta, za ta iya farawa da makiyaya ɗaya da burtali ɗaya da aka riga aka shata, a rubuta abin da ke cikinsu bana, a kira masu shaida baɗi su gwada.